Layi Biyu a Jinin Auta

Kwana huɗu ke nan Baba yana kwance a hawa na biyu, a ɗakin masu korona, kuma duk faɗin asibitin nan babu wanda ya san abin da ke gudana a cikin jikinsa kamar 'yarsa Auta. Ba wai tana shiga wurinsa ba ne, ba a barin kowa ya shiga. Ita aikinta a ƙasa yake, a ɗakin gwajin jini, can ƙarshen baranda kusa da inda ake wanke zannuwan gado. Kullum ƙarfe bakwai na safe ake sauko da kwalaben jinin marasa lafiya a cikin akwati mai sanyi, kuma kullum kan ta ubanta hannunta ke fara sauka, tun ba ta rataye jakarta ba.

Wanda bai iya karatun jini ba ya huta, wallahi. Mama in ta yi waya aka ce mata jiki da sauƙi, sai ta yi hamdala ta koma ta zauna. Auta kuwa lambobi take gani, su kuma lambobi ba su iya rarrashi ba. Akwai wasu fararen ƙwayoyin jini da ke yaƙi da irin wannan cuta, na Baba kullum raguwa suke yi. Ranar da aka kwantar da shi dubu da ɗari ɗaya ne, yau ɗari shida. Akwai alamar kumburi, wadda a jikin mai lafiya ba ta kai goma, tasa ta tashi daga arba'in ta haye ɗari da sittin. Akwai kuma mai nuna jini na shirin daskarewa a jijiya, ita ma ta fara ɗaga kai. Takardar za ta fito daga inji da ɗuminta, Auta ta karanta a tsaye, ta ninke ta jefa a akwatin hawa na biyu, sannan ta shige bayi ta kulle ƙofa. Da rana in Mama ta tambaya, sai ta ce jinin yana nan yadda yake.

A gida kuwa an riga an yanke hukunci, ba alƙali ba shaida. Yaya ne. Yayan Auta direban babbar mota ne, mai yin mako biyu a hanya, ya ci a nan ya kwana a can, ya gaisa da duk wanda ya miƙo masa hannu. Ya dawo daga tafiya lafiyarsa ƙalau, bayan kwana biyar tari ya kama shi, bayan wasu kwana biyu Baba ya kwanta da zazzaɓi. Wane bincike kuma ake nema? Ranar da motar asibiti ta ɗauke Baba, Mama ta tsaya a bakin ƙofa ta dube shi ta ce, "Ka kwaso mana, sai hankalinka ya kwanta." Tun daga ranar bai sake kwana a gidan ba. A cikin motarsa yake kwana, a garejin da ake gyara ta, da safe ya zo ƙofar asibiti ya tsaya da takunkumi biyu a fuska. Tarin ya sake shi, amma ƙato guda duk ya zabge, ko ido ba ya iya haɗawa da mutane.

A ranar, Auta ma a ranta ta ba Mama gaskiya. Ita da take tsundum cikin cutar ba ta kai ta gida ba, sai shi? Ita ce fa mai tuɓe takalmi a waje, ta tsoma kayan aikinta a bokitin ruwan bilic, ta yi wanka kafin ta ce wa kowa sannu da gida. A wurin aiki Uwar Sabulu suke ce mata, don fatar hannunta har ta tsattsage saboda wanki.

A ranar ta huɗun nan, wajen ƙarfe tara, likitar ɗakin su Baba ta sauko da kanta, abin da ba ta saba yi ba. Ta jingina da ƙofa kamar wadda ta yini tana dakon kaya, ta ce ai Auta ta ga lambobin, ba sai an yi mata kwana-kwana ba. Abu ɗaya ya rage da take son gwadawa. Jikin da ya yi cutar ya warke yakan bar sojojinsa a cikin jini, sai a ɗebi ruwan jinin a ƙara wa wanda nasa suka gaza. Ba ta yi alkawarin komai ba, ta ce wasu yana yi musu, wasu ba ya yi, in ma zai yi sai an ba da shi da wuri, kafin huhu ya sare. Ta ce a fara dubawa a cikin dangi, wanda ya warke kuma rukunin jininsu ɗaya.

"Yau nake so," in ji ta. "In ya kai gobe da rana, ban san ko zai yi wani amfani ba."

Kowa ya san wa ake nufi. Auta ta fita ƙofar asibiti da allura da kwalba. Tun ba ta gama bayani ba Yaya ya naɗe hannun riga, ya ce ta kwashe duka in ana so, shi me zai yi da shi. Mama ma da aka kira ta ta zo aka ɗebi nata, ta zauna a ɗaya gefen bencin ta ba ɗanta baya.

Gwajin ba shi da wuya. Tsinke ne na roba kamar na gwajin ciki, a ɗiga masa jini a jira minti goma sha biyar. Layin sama yana nuna tsinken na aiki. Layin ƙasa na sojojin farko ne, waɗanda jiki ke turowa da gaggawa a farkon cuta, su ɗan jima su watse. Na tsakiya shi likita ke nema, sojojin baya, masu zuwa bayan mako biyu ko uku su zauna gadi wata da watanni.

Sai dai ɗakin gwajin nan yana da doka, dokar Dattijo, shugabansu, mutumin da ya yi shekara talatin yana leƙa jinin jama'a har ya daina yarda da kowa da komai. Ba a buɗe sabon kwalin tsinke a fara da jinin mara lafiya. Sai an gwada kwalin kansa tukuna: tsinke ɗaya da jinin da aka san yana da sojoji, ɗaya da jinin da aka san fes yake. Na farkon yana ajiye a firij. Na biyun kuwa ba a wahalar nema, a yatsan ma'aikaci ake samu, kuma tun da cutar ta shigo gari yatsan Auta ne ke shan suka. Sau uku ana buɗe kwali da jininta, sau uku layi ɗaya tal ke fitowa. Har tsokanarta suke yi, wai jininta ya fi ruwan famfo tsabta. Ran nan tsohon kwali ya ƙare, Dattijo kuma an tura shi taro, ita kaɗai ce a kan tebur.

Ta yage sabon kwali, ta ɗiga wa tsinke ɗaya jinin firij, ta soki yatsa ko kallo ba ta yi ba, ta ɗiga wa ɗayan, ta juya tana liƙa lamba a kwalbar Yaya. Da agogon tebur ya yi ƙara ta waiwayo. Layi biyu. Na sama da na tsakiya, ja wur, ya ma fi na jinin firij ɗin kauri.

Ta ce ƙila ta musanya tsinkayen ne, ta ɗauko wani, ta soki wani yatsan, wannan karon ta tsaya a kansa ba ta ƙyafta ba. Tun minti huɗu bai cika ba layin ya fara tsatsowa, yana ƙara ja a kan idonta. Ta duba ranar ƙarewar kwalin, da saura shekara guda.

Wani abu ya taso mata daga can ƙasan zuciya, ta danne shi, ya sake tasowa. Mako uku da suka wuce ta yi kwana biyu tana ciwon kai, ta ce igiyar takunkumi ce ke matse ta. A kwanakin ne ta sunkuya kan bokitin bilic ta ji ba ya wari, ta yi ta masifa wai an kawo musu na jabu. Kuma kowace yamma, bayan ta gama wankan nan nata, ita ke ɗiga wa Baba maganin ido. Ya kwantar da kai a jikin kujera, ita ta sunkuyo ta buɗe masa fatar ido da yatsa, fuskarta a kan tasa, tana yi masa faɗa ya daina ƙifce-ƙifce kamar yaro, shi kuma yana dariya. A cikin gida ai ba a sa takunkumi.

Ta ɗauki alƙalami mai kauri ta rubuta a jikin kwalin da manyan baƙaƙe: LALATACCE.

A yi mata adalci, kwali yakan lalace. Ta taɓa ganin wanda rana ta gasa a bayan mota, ya riƙa fitar da layi ko ruwa aka ɗiga masa. Dokar ma abin da ta ce ke nan, in jini mai tsabta ya nuna layi a ture kwalin gefe. Amma ita ma gaskiya a yi mata adalci. Ga babban inji nan a kusurwa, wanda ba a sa masa jini sai wanda tsinke ya nuna, don maganinsa kaɗan ne. Jininta ya nuna. Minti arba'in kawai injin zai yi ya raba gardama. Auta ta dube shi ta kau da kai. Tsoro ne, ba wani abu ba, irin tsoron da ke sa mutum ya ga wasiƙa ya tura ta ƙarƙashin katifa.

Ta aika sito a ba ta wani kwalin, aka ce sai gobe da safe. Ta kira likita ta gaya mata. Likita ta ce to, gobe da sassafe. A ƙofar asibiti Yaya ya ce Allah ya kai mu, ya tambaya ko ya daina cin abinci ne don jinin ya fi kyau. Ta ce ya ci, ta juya da sauri don kada ya ga fuskarta.

Da yamma ta shiga gida da takunkuminta ba ta cire ba. Mama ta dube ta ta ce, "Yau kuma mu ne masu cutar?" Ta ce mura take ji. Mama ta ci gaba da ninke rigunan Baba tana zuba, wai ta sha gaya wa yaron nan ya riƙa wanke hannu, ya riƙa tsayawa a waje, amma kunnen ƙashi ya hana shi ji, ga shi nan zai kashe ubansa a banza. Wai duk gidan nan Auta kaɗai ce mai hankali. Kowace kalma sai Auta ta ji ta har cikin ƙashi. Aka ajiye mata abinci ya huce a gabanta.

Washegari kwalbar Baba ta sauko kamar kullum. Fararen ƙwayoyin sun koma ɗari huɗu. Alamar kumburi ta wuce ɗari biyu da talatin. Ta daskarewar jini ta ninka ta jiya. Tana tsaye da takardar, Dattijo ya shigo da sabon kwali a hammata. Idonsa ya sauka kan wanda ta yi wa rubutu.

"Wa ya kashe min kwali?"

Ta yi masa bayani, tana haɗa kalmomi da ƙyar. Ya zari tsinke biyu daga kwalin da ta kashe, ya soki yatsansa ya ɗiga a ɗaya, ya buɗe firij ya lalubo wani tsohon jini da aka ajiye tun kafin a san da wannan cuta a duniya, ya ɗiga a ɗayan. Ya ja kujera ya zauna ya harɗe hannu. Minti goma sha biyar ɗin nan Auta ba ta taɓa ganin masu tsawonsu ba. Duka biyun suka fito da layi ɗaya.

"Kwalin nan ya fi ni lafiya," in ji shi. "Kawo hannunki, 'yata."

Ya gwada ta da sabon kwali, layi biyu. Ya ɗebi na jijiya ya sa a babban inji. Kafin injin ya gama ya ɗiga na Yaya da na Mama. Na Mama fes. Na Yaya layin ƙasa ne ya fito, shi ma dishi-dishi, na tsakiya ko alama babu. Wato cutarsa sabuwa ce, sa'ar ta Baba, kuma jininsa ba shi da abin da zai ba kowa tukuna. Da injin ya tofo takardar Auta, Dattijo ya ɗaga ta kusa da tabarau ya ce rabon da ya ga sojojin baya masu yawa haka tun farkon wata.

Ya so ya sassauta mata. Ya ce jini yakan nuna lokaci ne kawai, shi ma a kan kintace, ba ya faɗin wanda ya shafa wa wani. Tana iya ɗauka a nan, mahaifinta ya ɗauka a wani wurin.

"Baba ba ya fita, Yallaɓai. Wata biyu bai taka ƙofar gida ba."

Dattijo ya tambaya, "Tun yaushe kika ga layin?"

"Jiya. Ƙarfe goma."

Ya cire tabarau ya murza ido. Da ya yi mata faɗa da ta fi jin sauƙi, don mutum ne da in aka bar murfin kwalba a buɗe sai duk baranda ta ji muryarsa. Bai yi ba. Ya tambayi rukunin jininta, ta ce ɗaya ne da na Baba. Ya ce ta tashi ta tafi ɗakin ɗibar jini yanzu-yanzu, shi zai kira likita.

Tana kwance a kan gadon ɗiba, allura a gwiwar hannu, jaka na cika a hankali a gefenta, Yaya ya leƙo. Ya gaji da jira a ƙofa, ya bi tambaya har ya iso. Ya dubi jakar, ya dubi ƙanwarsa.

"Nawa fa? Bai yi ba?"

Ta gaya masa. Ba ta kalle shi ba, silin take kallo, ta zayyana masa layin ƙasa da layin tsakiya, da ciwon kan, da maganin idon. Ya saurara baki buɗe a bayan takunkumi, sannan ya sulale ya zauna a ƙasa, ya jingina da bango.

"Ashe ba ni ba ne," in ji shi. "Ashe ba ni ba ne, Auta."

Wani abu ya ƙwace masa, ba a ce dariya ba ba a ce kuka ba, kafaɗunsa na jijjiga. Sai ya ɗago ya ga hawaye na gangara mata cikin kunne, ya haɗiye sauran. Ita kuwa ta ƙarasa masa, ta gaya masa na jiya, da rubutun da ta yi a kwali. Ya ce wannan kam ta bar shi a tsakaninsu, kada Mama ta ji. Shi ya riga ya saba da zagin, fatarsa ta yi kauri.

Jini ba a ɗiba a ƙara nan take. Sai an tace, an raba ruwan da ƙwayoyin, an bincika babu wata cutar a ciki. Dattijo da kansa ya tsaya a kai, duk da haka sai bayan ƙarfe biyu jakar ta fito, ruwa rawaya-rawaya, ba ta kai cikin tafin hannu biyu ba. Auta ta karɓa ta hau bene da ita, jiri na ɗibarta, Yaya na biye. Mama tana zaune a bencin da ke gaban ƙofar gilashi. An gaya mata jinin Auta ne ya dace, ba ta tambayi dalili ba, sai albarka take ta sa mata.

Likita ta fito, shatin takunkumi ya yi mata rami a kan hanci. Tun kafin ta yi magana Auta ta gane, don ta san irin wannan tafiyar. Likita ta ce da tsakar rana numfashin Baba ya gaza, sun sa shi barci sun ɗora shi a kan inji, yanzu injin ke shaƙa masa. Za ta ƙara masa ruwan jinin duk da haka, amma ba za ta ɓoye musu ba, lokacin da ta so a ba shi ya wuce. Ta karɓi jakar ta karanta takardar da ke liƙe a jiki, ta girgiza kai. Ba da faɗa ta yi tambayar ba, gajiya ce kawai a muryarta.

"Mai jini irin wannan tana cikin asibitin nan tun jiya. Me ya hana a gane?"

"Kwalin gwajin ne ya lalace, likita," Yaya ya yi caraf ya amsa. "Sai yau aka samu wani."

Likita ta gyaɗa kai, ta sa kafaɗa za ta tura ƙofa. Shi ke nan fa, magana ta mutu. Dattijo ba mai surutu ba ne, Yaya ya rufa mata asiri, Mama ba ta san layin sama daga na ƙasa ba. Auta ba ta taɓa jin tsoro irin na wannan tsayuwar ba.

"Kwalin bai lalace ba," in ji ta. "Na ga layin tun jiya da safe. Ni na kawo cutar gida, Mama, ba Yaya ba ne. Kuma ni na ɓata wa Baba kwana guda."

Likita ta tsaya da hannu a kan ƙofa, ta dube ta, sannan ta shige da jakar. Mama ta miƙe a hankali. Ta kalli 'yarta, ta kalli ɗanta. Sai ta yi tangaɗi za ta faɗi. Auta da Yaya suka miƙo mata hannu a tare, ta kama na Yaya.